Yara 114, Littafi 9: Ta Ina Malamin Turanci Zai Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Bana na gama NCE, aka tura ni wata ƙaramar sakandare a ƙauye, aka ba ni Turanci a aji ɗaya. Yara 114 ne a rijista, littafin karatu guda 9, wasu a benci wasu a ƙasa, babu wuta. In na yi bayani da Turanci sai su zuba mini ido, in na tambaya ko sun gane sai su ce "Yes sir" baki ɗaya, in na ba da aiki sai su kwafe tambayar su miƙo mini. Shugaban makaranta ya ce kada a ji Hausa a bakina a cikin aji, kuma dole in gama sikim, wato jadawalin darussan zango, kafin jarrabawa. Wallahi har na fara tunanin ko ni ne ban iya aikin ba. Ina neman shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, sannu da ƙoƙari. Wannan "Yes sir" ɗin na san shi, na sha shi shekara da shekaru, tun ina riƙe da alli har zuwa lokacin da na koma bin ɗaliban koyon aikin malanta makaranta-makaranta, ina zama a bayan aji ina kallon yadda suke fama. Ba ƙarya yaran suke yi maka ba. Tun a firamare suka lura cewa duk sanda muryar malam ta ɗaga a ƙarshen magana, abin da yake so ya ji ke nan, sai su ba shi, a zauna lafiya. Don haka ka cire wa ranka zancen rashin iya aiki. Amma akwai abubuwan da za ka daina yi, wasunsu ma a kwaleji aka koya maka su.

Bari in fara da abin kunyar da ya same ni. A shekarata ta biyu da fara koyarwa, na kwashe zango guda ina koyar da adon harshe da sassan jimla, allo cike da rubutu kullum, littafin shirin darasina tsaf, mai duba makarantu ma ya yaba. Da aka yi jarrabawa, ina cikin maki da daddare a gaban fitila, sai na ci karo da takardar wani yaro mai kyawun rubutu, irin rubutun da za ka so a yi maka a katin gayyata. Ya cika shafi biyu. Da na duba da kyau, takardar tambayoyin ya kwafe tun daga sama har ƙasa, har da "Time allowed: 1 hour" da "Answer all questions". Washegari na kira shi gefe, na nuna masa kalmar "hour" na ce ya karanta. Ya yi shiru. Na rubuta "gida". Ya kalle ta ya kalle ni. Yaron nan zanen haruffa yake yi kamar yadda mai zanen hula ke bin zane, bai san suna magana ba. Wata uku yana gabana ban sani ba, domin ban taɓa tambaya ba.

To kai kada ka jira wata uku. Kafin ka sake buɗe sikim ɗin nan, ka san su waye a gabanka. Samo kwali ɗaya, ka rubuta haruffa biyar a sama, ƙarƙashinsu kalmomin Hausa biyar masu sauƙi irin su rana, kifi, tulu, sai gajeriyar jimlar Hausa, sai kalmomin Turanci biyar, sai ɗan labarin Turanci mai layi huɗu irin na 'yan aji biyu na firamare. Ka ba ajin wani aiki, ka ɗauki kujera ka zauna a bakin ƙofa, ka riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya. Kowane yaro ya karanta har inda ya tsaya, ka sa alama a gaban sunansa. Minti ɗaya da rabi ya isa wa yaro guda, wato wajen awa uku ke nan ga duka ajin, ka raba shi cikin mako ɗaya. Kada ka yi shi a gaban sauran, kuma kada ka kira shi jarrabawa.

Abin da na saba gani shi ne 'yan kaɗan za su karanta labarin Turancin, wasu za su karanta Hausa da ƙyar suna tuntuɓe, sai kuma babban rukuni da suka haddace "ei, bi, si" kamar waƙa amma ba za su iya haɗa harafi biyu su fitar da gaɓa ba. A cikin waɗannan na ƙarshe za ka tarar da yaran da in ka miƙa musu Alƙur'ani za su karanta maka shafi ba gargada. Ka riƙe wannan, yana da amfani: wanda ya iya babbaƙu da farfaru ya riga ya san cewa alama a kan takarda tana wakiltar sauti, haruffan boko kawai suka rage masa, kuma irin waɗannan su ne ke saurin kamawa. Wannan dabara ta auna yaro a koyar da shi daga inda yake, ba daga ajin da aka rubuta sunansa ba, ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta shahara da ita, kuma an gwada ta a nan gida, har da makarantun firamare a Wudil da Dawakin Tofa a jihar Kano.

Yanzu ga maganar da za ta iya haɗa ka da shugaban makarantarka: yaran da ba su iya karatu ba sam, da Hausa za ka fara koya musu shi. Dalili kuwa, karatu sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa. Rubutun Hausa na boko kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, ba be bi bo bu, in yaro ya haɗa "ki" da "fi" ya ji "kifi" ya fito daga bakinsa, ya san abin, har ya taɓa cinsa, nan take fuskarsa za ta washe. Turanci kuwa haruffa 26 ne ke ɗauke da sautuka wajen 44. Dubi harafin "a" kaɗai a cikin cat, cake, call da about, sauti huɗu daban-daban. Yaron da bai san sirrin haɗa baƙi da wasali ba, kuma bai san ma'anar kalmar ba ko da ya furta ta daidai, ka ɗora masa kaya biyu a lokaci guda, kuma duka biyun zai yar. Littattafan Mu Karanta da aka yi amfani da su a firamaren Bauchi da Sakkwato a kan wannan tunani aka gina su, Hausa tukuna, sannan a haye zuwa Turanci. Tun kafin nan ma, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife sun yi gwajin koyar da yara duk darussa da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi guda a hannun ƙwararren malami, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba.

Ita kanta gwamnati ta daɗe tana kai-komo a kan wannan batu. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da harshen uwa ko harshen yankin a shekarun farko na firamare. A 2022 aka amince da ƙara shi zuwa shekara shida, a ƙarshen 2025 kuma ministan ilimi ya sanar da janye wannan, a koma Turanci. Duk wannan a Abuja ake yi. A ajinka, Turanci baƙon harshe ne tsantsa, ko da kuwa shi ne harshen hukuma. Yaron da ke Legas ko Fatakwal yana jin Turanci ko buroka a titi da kasuwa da bakin maƙwabta. Naka yaron daga ya fita ƙofar makaranta, Hausa ce a gida, a masallaci, a rediyo, a finafinan da yake kallo a waya, har Bayarabe mai kemis da Inyamuri mai kayan gyara da Hausa suke masa ciniki. Minti 40 ɗinka shi ne kusan duk Turancin da zai ji a yini.

Wannan kuwa shi ne gaskiyar da ke cikin maganar shugaban naka, kada ka raina ta. Na ga malamai da yawa da suka mai da darasin Turanci darasin Hausa, su karanta layi ɗaya su yi minti biyar suna fassara da ba da labari, yaran su saba da toshe kunne har sai Hausar ta zo. Hausa a ajin Turanci kamar gishiri take a miya. Ga yadda nake yi: in faɗi abin da Turanci, in faɗi ma'anarsa da Hausa sau ɗaya da ƙaramar murya, in sake faɗinsa da Turanci, in wuce. "She bought oil. Ta sayi mai. She bought oil." Daƙiƙa uku ke nan, maimakon in tsaya ina ta kwatance da hannu ana kallona. Umarnin yau da kullum kuma, irin su buɗe littafi, juyo ga abokinka, saurara, tashi, zauna, ka koya musu su a makon farko, daga nan kada ka sake faɗinsu da Hausa har abada. Shi kuma shugaban, kada ka yi musu da shi a ofis gaban malamai. Kai masa takardar gwajin nan, ka ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da na tarar, ina neman shawararka." Da wuya shugaban da zai ga sunayen yaran da ba su iya karanta "rana" ba a makarantarsa ya ci gaba da maganar sikim da irin ƙarfin da ya fara. Tarar da ake cin yara don sun yi Hausa kuwa, ko a rubuta sunansu a yi musu bulala, ban taɓa ganin ta sa yaro ya yi Turanci ba. Shiru kawai take koya masa.

Akwai wani Baturen Ingila, Michael West, da ya yi aikin horar da malamai a Dhaka ta yankin Bengal a shekarun 1920, cikin yanayi irin naka: aji cunkushe, zafi, ƙarancin littafi, malaman da su kansu Turancin bai zauna musu ba. Ya lura cewa yawancin yaran ba za su kai ƙarshen makaranta ba, sai ya yi tambayar da har yau nake ganin ta fi kowace muhimmanci: idan yaro ya bar makaranta a bana, me zai tafi da shi da zai amfane shi? Wannan ta sa ya fifita karatu a kan haddar nahawu, ya kuma taƙaita kalmomin da ake fara koyarwa ga waɗanda aka fi amfani da su. Jerin kalmomi kusan 2,000 da ya fitar a 1953 an daɗe ana gina littattafan koyon Turanci a kansa. Yi wa ajinka wannan tambaya. Kai ma ka san cikin 'yan matan nan akwai waɗanda za a ɗaura wa aure kafin aji uku, cikin samarin akwai masu tafiya ci-rani ko shagon wani. "A noun is the name of a person, animal, place or thing" ba za ta bi su ko'ina ba. Amma wadda ta iya karanta "two times daily" a jikin kwalbar maganin ɗanta, da wanda ya iya karanta saƙon banki a wayarsa ya bambance credit da debit, ya cike fom da sunansa da adireshinsa ba tare da ya biya wani ba, waɗannan sun tafi da wani abu.

Sai maganar yawa. Manufar ilimi ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare, kai kana riƙe da kusan aji uku a ɗaki ɗaya. Yi lissafi: in ka cire shigowa da neman wurin zama da goge allo, minti 30 ya rage maka. Raba shi ga yara 114, kowa ya tashi da daƙiƙa 16, in har kai ba ka ce uffan ba. Don haka salon nan na malam ya yi tambaya, yara biyar na gaba su ɗaga hannu, ɗaya ya amsa, a tafa masa, ba koyarwa ba ce ga sauran ɗari da tara. Amma in ka ce kowa ya juya ga na kusa da shi su yi minti goma suna tambaya da amsa, kowane yaro ya sami minti biyar yana motsa baki da Turanci. Za a yi surutu, ƙwarai kuwa. Ka taɓa wucewa ta makarantar allo da asuba ka ji ta shiru? Kowa da allonsa, kowa da inda ya kai, kowa yana ɗaga murya, malam ɗaya, gardawa suna biya wa ƙanana, kuma ana sauka. Mu da muka tashi a wannan tsari bai kamata a ce yara ɗari sun gagare mu ba. Abin da za ka tanada shi ne alamar tsayawa guda ɗaya da kowa ya sani, ko tafi uku su amsa da biyu, ko ka ɗaga dasta sama, kuma ka gaya wa malamin ajin da ke maƙwabtaka da kai tun da wuri don kada ya zaci faɗa ake yi.

Gardawanka su ne waɗanda suka karanta labarin Turancin nan a gwaji. Raba ajin rukuni-rukuni na mutum takwas zuwa goma bisa ga inda suka tsaya, ka ba kowane rukuni jagora. Ka riƙa ganawa da jagororin minti goma a lokacin tara ko bayan an tashi, ka nuna musu abin da za a yi gobe. Ka ja musu kunne cewa ba monita ba ne, babu bulala, babu rubuta sunan masu surutu. 'Yan mata ka ba su rukuninsu da jagorarsu mace, za ka sha mamakin bakin da ke gare su in babu samarin da za su yi musu dariya. Ka bar hanya a tsakiyar aji ko da ta faɗin ƙafa ɗaya ce, domin malamin da ba ya iya kaiwa bango na baya ya sallama rabin ajinsa. Duk mako kuma na baya su dawo gaba. A nan ne za ka gano cewa wani da ake ce wa daƙiƙi allon ne ba ya gani, wata kuma kunne ne.

Littafi tara ba zai ishi mutum 114 ba ko an yi yaya, mutum goma sha biyu ko sha uku a kan littafi ɗaya rabinsu a juye suke ganin rubutun. Ka bar su ga rukunin da suka iya karatu, su riƙa aiki da su da kansu. Littafin sauran shi ne abin da ka rubuta da hannunka. Bayan tsohuwar kalanda, kwalin sabulu da aka buɗe, takardar buhun siminti da aka karkaɗe, duk suna ɗaukar rubutun maka, wato alƙalami mai kauri. Ka rubuta a gida da manyan haruffa, ka zo ka rataya a igiya, don kada ka ɓata minti goma ka juya wa yara ƙeya kana rubutu a allo. In an gama ka naɗe ka ajiye. Kafin shekara ta ƙare kana da talatin ko fiye, baɗi kuma ba sai ka sake wahala ba.

Bari in nuna maka darasi ɗaya yadda yake tafiya. A ce sikim ya ce a koyar da shuɗaɗɗen lokaci. Ka rataya wannan: "Yesterday my mother went to the market. She bought rice, oil and pepper. She did not buy meat. Meat was expensive." Ka karanta sau biyu kana bin kalmomin da sanda, ka ba da ma'anar bought da expensive a gurguje. Su karanta tare da kai, sannan layin dama kaɗai, sannan na hagu, sannan mata, sannan maza. Daga nan sai dabarar da West ɗin nan ya yi suna da ita: yaro ya kalli jimla ɗaya ya karanta a zuci, ya ɗauke ido daga rubutun, ya kalli abokinsa, ya faɗa masa ita kamar labari yake ba shi. In ya manta ya sake leƙawa, amma ba a magana ido na kan rubutu. Sauƙinta kamar wasa, amma ba za ka iya riƙe jimla a ka na daƙiƙa uku ba sai ka fahimce ta, kuma duk ajin ke yi a lokaci guda. Bayan haka ka rufe went da bought da buy da was da 'yan takardu, su cike da baki. Sai kowa ya canja labarin ya zama na gidansu, wa ya je kasuwa, me ya saya, me bai saya ba. A nan za ka ji ana tambayarka yadda ake cewa daddawa da kuka da Turanci, ka ce su bar su da sunansu. A minti biyar na ƙarshe ka naɗe takardar, ka yi musu shifta ta jimla biyu, ka sake buɗewa kowa ya gyara nasa. Waɗanda ba su iya karatu ba ma sun ji, sun faɗa, sun gane, ko da kalma uku kawai suka rubuta.

Kana da wata riba da Baturen da ya zo daga Ingila ba shi da ita: ka san daga ina kuskuren yaran ke fitowa. In yaro ya ce "I go yesterday", ba sakarci ba ne. A Hausa wakilin suna ne ke ɗauke da lokaci: na tafi, zan tafi, nakan tafi, aikatau ɗin yana nan yadda yake. A Turanci kuwa "I" ba ya motsi, aikatau ne ke sauya riga: go, went. Rubuta su gefe da gefe a allo, ka ja layi ƙarƙashin abin da ya canja a kowane ɓangare, minti biyar ya wadatar, ya kuma fi mako guda na haddar ƙa'ida. Haka tambaya: mu murya kawai muke ɗagawa, "Ka ci abinci?", shi ya sa suke cewa "You eat food?", kuma did da does sai an yi ta maimaitawa kafin su zauna. "I am hearing hunger" da "drink medicine" Hausa ce sanye da kwat. Mota kuma "she" za su ce mata, tunda a wurinmu mace ce. A gefe guda, he da she ba sa ba yaranmu wahala kamar yadda suke ba masu harsunan da ba su bambanta shi da ita.

Wajen furuci kada ka ɓata lokaci kana neman su zama 'yan Landan. Kama waɗanda ke canja ma'ana. Na farko p da f, tunda a Hausa sauti ɗaya ne yake yawo tsakaninsu: pan da fan, pull da full, copy da coffee. Kowa ya yago 'yar takarda ya riƙe a gaban leɓe, in ya ce pan daidai takardar za ta yi tsalle, in fan ne haƙoran sama za su taɓa leɓen ƙasa. Za a yi dariya, a kuma riƙe. Sai v da b, kamar vote da boat. Shi kuwa "th" da suke mayarwa s ko z, ka nuna musu, amma kada ka tsaya a kansa, duniya za ta fahimce su. Wanda ya yi kuskure kada ka bari a yi masa ihu, domin yaron da aka yi wa dariya sau ɗaya a gaban mutum ɗari ya rufe baki ke nan har zangon ya ƙare.

Wata rana kuma ka aike su gareji da tasha da shagon tela su tattaro kalmomi: birki, taya, giya, sitiyari, direba, fasinja, tikiti, bokiti, tebur, benci, kafinta, makanike, siminti, famfo, kyandir, burodi. Ka rubuta asalin kowace a gefenta. Za su ga ashe sun daɗe suna Turanci ba su sani ba, kuma da kansu za su gano abin da Hausa ke yi wa baƙuwar kalma, ta cusa wasali tsakanin baƙaƙe ta kuma ƙara wani a ƙarshe, bread ta zama burodi, brake ta zama birki. Wanda ya gane haka ya san abin da zai cire in yana son komawa Turancin.

Maki kuwa, kada ka kashe kanka. Littafi 114, minti uku-uku, ya haura awa biyar da rabi a kan aiki ɗaya na aji ɗaya, kuma yaron maki kawai zai duba ya rufe. Yawancin aiki a gyara shi a aji, su yi musayar littafi, amsa tana allo. Kai kuma kullum ka karɓi goma bi da bi, ka duba su da kyau, ka kama kuskure iri ɗaya kawai, wanda aka koyar a makon. Cikin kwana goma sha biyu na karatu ka zagaye kowa, kuma kuskuren da ka ga ya yi yawa shi ne darasin gobe. Ka daina tambayar "Do you understand?" gaba ɗaya. Ka ce, ta sayi nama? In e ne a ɗaga yatsa ɗaya, in a'a ne biyu. Ko kowa ya rubuta amsa da manyan haruffa a bayan littafinsa a ɗaga sama lokaci guda. Da kallo ɗaya ka san inda aka kwana.

Sikim ba za ka jefar da shi ba, jarrabawar aji uku tana nan tafe, gaba kuma WAEC da NECO, inda rashin kiredit a Turanci ke tsare yaro a ƙofar jami'a ko da ya cinye sauran, ga kuma JAMB da Turanci ya zama dole ga kowa. Abin da nake ba ɗalibaina shawara shi ne su raba darasin: minti 15 na farko kowane rukuni yana karatu a matakinsa, masu haruffa suna haɗa gaɓoɓi, masu Hausa suna hayewa zuwa gajerun kalmomin Turanci irin su sit, pot, bag, masu littafi suna nasu. Sauran lokacin a ɗauki batun da sikim ya ce, amma da jimloli irin na kasuwar nan. Kan darasin da ke littafin shirinka ya yi daidai da na sikim, mai duba makarantu ya gamsu, kai kuma ba ka yi ƙarya ba. Ka lura da ranar kasuwar garin da lokacin shuka da girbi, ajin zai rage sosai, kada ka kawo sabon abu a ranakun, bita za ka yi. Darasin bayan tara kuma, lokacin da rana ta take kwanon rufi ga yunwa, ba a yin dogon bayani, abin da za a tashi tsaye a yi da baki ake sawa.

Sai kai kanka. Muryarka ita ce jarinka, kada ka yi gasar ihu da yara ɗari, ka shiga da ruwa a gora. Turancinka ma yana son ban-ruwa, ba abin kunya ba ne, dukkanmu a irin waɗannan azuzuwan muka koya. Duk abin da za ka karanta musu gobe, ka karanta shi da ƙarfi a ɗaki yau, kalmar da kake shakkar furucinta ka saurare ta a ƙamusun waya. In ka shiga gari inda akwai sabis, ka sauke gajerun labarai na murya, ka sayi 'yar ƙaramar sifika mai caji, ka ba mai cajin waya ya cika maka ita, yara su riƙa jin wata murya ban da taka ko da sau ɗaya a mako.

Kwalin gwajin nan ka adana shi. A makon ƙarshe na zango ka sake zama a bakin ƙofa da shi, ka sa sabuwar alama kusa da tsohuwa da biro mai wani launi, ka kai wa shugaban makaranta ya gani da idonsa. Kafin nan, in ka gama gwajin farko, rubuto mini yara nawa suka faɗa kowane rukuni, da ko darasin naka kafin tara yake ko bayanta, sai mu ga yadda za a raba jagororin.